Hoton Inna Cikin Takaba

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin wadda tun hantsi mutum ba ya iya taka daɓen tsakar gida ba takalmi. Jiya bayan la'asar ina kishingiɗe ina jiran lokaci ya ja, sai na ji ɗiyata tana fama da uwarta a bakin taga. "Mama, ɗago kai. A'a, kin rufe ido. Bari in sake." Ta sake ya fi sau ashirin, tana ɗauka da waya tana gogewa. Zafin nan da maganar tata sun mayar da ni wani azumi, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, wanda shi ma a irin wannan zafi ya zo. A cikinsa aka ce in ɗauki hoton mahaifiyata, kuma damar da nake da ita uku ce kacal.

Ba zan rantse a kan kowace rana ba, don an daɗe. Abin da na tabbata shi ne, Baba ya rasu wata biyu kafin azumin, Inna tana cikin takaba a gidanmu na Ƙofar Sauri. Ni kuma na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune ba aiki, kullum da safe in goge takalmi in zaga ma'aikatu in dawo. Ƙannena biyu suna makarantar kwana. Gidan daga ni sai Inna, sai Goggo Hajara, ƙanwar Baba, wadda ta baro ɗakinta ta zo taya Inna zama.

Shekarar ba ta yi daɗi ba. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, 'yan'uwan Baba na ƙauye da suka saba kawo mana damin gero suka zo gaisuwar mutuwa hannu sake, suna ta ba da haƙuri. Famfon unguwa sai ya yi kwana huɗu bai ɗigo ba. Ni ke tashi bayan sallar asuba in kai jarkoki rijiyar masallaci, in dawo in cika randa biyu, ɗaya ta sha, ɗaya ta alwala da girki. Goggo ta surfa gero kafin rana ta yi ƙarfi, Inna ta zauna a inuwar ɗaki tana tsince tsamiya. Daga azahar gidan ya yi tsit. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai saboda zafi, ƙadangaru sun buɗe baki a jikin katanga. Ba mai magana sai dole, don magana ma tana busar da maƙogwaro. Da magariba kunun tsamiya ne da ƙosai, ƙosan kuma Goggo tana ƙanƙanta shi a hankali, tana tsammanin ban lura ba.

A goma ga azumi, ko sha ɗaya, wani Alhaji Ɗanladi mai fataucin hanyar Sudan ya yi sallama a zaure da wasiƙa. Daga Kawu Isa take, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Katsina da niyyar hajji tun Inna tana 'yar shekara tara, ya tsaya a can Sudan neman guzuri, ya yi aure, bai ƙara dawowa ba. Goggo ta sa na karanta a tsakar gida, Inna tana saurare daga bayan labule. Ya yi ta'aziyya. Ya ce yana kwance, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Sannan ya ce ba ya roƙon komai sai hoton ƙanwarsa, kuma don Allah wanda idonta ya fito, domin ya manta fuskar mahaifiyarsu, abin da ya riƙe kawai shi ne ana cewa idon ƙanwar tasa irin nata ne.

Alhaji Ɗanladi ya ce washegarin salla zai kama hanya.

Mai takaba ba ta fita, balle ta je shagon hoto. Baƙon namiji kuma ba zai shigo ya tsaya a gabanta ba. Goggo ta dube ni ta ce, "To ga ɗan boko nan zaune. Digirin ba zai iya hoto ba?"

Duk mu ukun mun san inda matsalar take, amma ba wanda ya faɗa. Ni ne ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata a Ƙofar Kwaya, a can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ci abinci sai ta ce wa wani, "A ce ma mutumin nan tuwo na hucewa." In na durƙusa gaishe ta, takan amsa tana kallon tabarma. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani, ni ma na sani. Kunya ce irin ta mutanen lokacinsu. Amma ina da shekara ashirin da shida, kuma da za a tambaye ni yadda idon mahaifiyata yake, sai dai in yi ƙarya.

Kafin in taɓa komai sai da na je wajen limamin unguwa na tambaya ko ya halatta a ɗauki mai takaba hoto. Ya ce in dai ba ta yi ado ba, ba kwalli ba turare, kuma ba ta fita ba, bai ga laifi ba, tunda don zumunci ne. Raina bai kwanta ba, na je wajen wani malamin a Ƙofar Kwaya. Ya ba ni amsa iri ɗaya, sannan ya ce, "Kai Lawal, wa ka fara tambaya da ba ka yarda da shi ba?"

Kyamarar ta wani abokin karatuna ce. Ya ba ni aro da fim ɗinsa a ciki, baƙi da fari, ya nuna mani 'yar lambar da ke sama. Talatin da uku. "Talatin da shida yake ci," in ji shi. "Saura uku, in Allah ya so. Kada ka buɗe bayanta ko za ka mutu." Sayen sabon fim a wannan watan ba maganar da zan kai gida ba ce. Na wuce shagon Malam Iro mai wanke hoto, ya ce in ban kawo fim ɗin kafin ashirin da biyar ga wata ba, kada ma in zo, aikin salla zai rufe shi.

Kwana biyu na yi ina karanta ɗan littafin kyamarar, ina saita gilashin a kan randa, a kan turmi, a kan akuyar maƙwabta, ba tare da na danna ba. Na rubuta matakan a takarda. Na karanta cewa hoto yana son haske, ni kuma na fahimci abin da cewa gwargwadon yawan rana gwargwadon kyau. Saboda haka na zaɓi tsakar rana.

Goggo ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, ta fito da Inna cikin tsohon zane mai duhu da mayafi. Rana tana tsaye a kanmu. Da na leƙa ta cikin kyamarar, sai na ga inda ido ya kamata ya kasance ramuka biyu ne baƙi, inuwar mayafin ta yanke fuskar gida biyu, ga tukwane da igiyar shanya a bayanta. Kanta kuma yana sunkuye. Na san bai yi ba. Na san in sauke. Amma ina ganin gumi yana bin wuyanta, tana azumi, ni na sa aka fito da ita cikin wannan rana, sai na ji ba zan iya cewa ta tashi a banza ba. Na danna.

"An gama?" in ji Goggo.

"Ina jin... wataƙila sai an sake."

"Wataƙila! Yaya, tashi mu shiga, kafin ɗan naki ya soya mu."

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Lambar ta koma talatin da huɗu.

Na bar kwana huɗu suka wuce. Na koma wajen Malam Iro, ba da fim ba, da tambaya. Yana yanka gefen hotuna da almakashi, bai ɗago ba ya ce, "Wa ya ce maka a sa mutum cikin rana? Inuwa za ka sa ta, amma ta fuskanci inda haske yake. Ka jira bayan la'asar. Bango ɗaya a bayanta, ba tarkace. In fuskar ta yi duhu, a riƙe farin ƙyalle a gefe ya maida mata haske. Ka matsa kusa, ba gida ka zo ɗauka ba. Ka danne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi." Na rubuta duka. Na tambaye shi yadda ake sa mutum ya kalli kyamara. Ya ce, "Ce mashi ake ya kalla."

A karo na biyu komai na bi. Na kwashe tukwanen, na share gindin katangar yamma inda inuwa ke faɗowa, na rataye farin zanen gado a igiya. Hasken ya yi taushi, har na ga layukan goshinta ɗaya bayan ɗaya. Dabarar Goggo ita ce ta tsaya daidai bayan kaina tana jan Inna da zance, don idon ya zo wajen kyamara.

"Yaya, kin tuna ranar da aka kawo ki gidan nan, kika zuba gishiri cikin kunu?"

"Ke Hajara, ki ji tsoron Allah, da bakin azumi."

"Wallahi sai da marigayi ya shanye, yana cewa haka ake yi a gidanku."

Na ga kusurwar bakin Inna ta motsa. Kanta ya fara tasowa. Idon yana zuwa, yana zuwa, amma yana sama da ni kaɗan, a kan Goggo. Da na yi shiru na danna a lokacin, ina jin da an samu abin aikawa. Ni kuwa ina son ya zama daidai. Na ɗago fuskata daga bayan kyamarar na ce, "Inna, nan."

Ban taɓa ba ta umarni ba sai ranar. Tana jin muryata, tana ganin fuskata a fili, ta ja mayafi ta juya. Yatsana ya riga ya tafi. Na ji ƙarar, na ga abin da na ɗauka: gefen mayafi da kunne.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi. Lawal, wa ya aike ka magana?"

Saura ɗaya, in ma akwai shi. Abokina ya ce wani lokaci fim yakan ƙare kafin lambar ƙarshe.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi zafi a azumin. Iska ta tsaya cik. Rijiyar masallaci ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru, kuma ja yake fitowa. Hancina ya yi ta haɓo. Geron ya kai gindin buhu, Goggo ta fara haɗa shi da dawa. Na daina zaga ma'aikatu, ina zaune a zaure da kyamarar a cinya ina lissafin ranaku. Na yi tunanin in koya ma Goggo ta ɗauka da kanta. Muka gwada ba dannawa. Ta fara riƙe ta a juye, da na gyara mata ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, sannan ta ce ita tana ganin ƙafafun Yaya sarai. Na karɓe. Alhaji Ɗanladi ya aiko sau biyu yana tambaya. Na ce a ce mashi ana kai.

Ranar ashirin da huɗu, bayan azahar, gabas ta yi duhu. Hadarin farko na shekara. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallon sama. Rana ta shige cikin gajimare, tsakar gidanmu ta yi wani haske mai laushi wanda babu inuwa a cikinsa ko kaɗan. Ko ni da ban ƙware ba na san ba zan sake samun irinsa ba. Na kuma san yana tafiya, in hadarin ya rufe duka sai duhu.

Na samu Goggo tana kwashe shanya. "Goggo, yanzu ne. Amma ban san yadda zan yi ba. Ba za ta kalle ni ba."

Ta tsaya da kaya a kafaɗa. "Wa ya ce ta kalle ka? Kai, masu hoton bakin kasuwa na da, da muke zuwa muna 'yan mata, ba lulluɓe kai suke da baƙin ƙyalle ba? Ka taɓa jin an ji kunyarsu?"

"Wannan kyamarar ba ta buƙatar lulluɓi."

"Kyamarar ba ta buƙata. Uwarka na buƙata."

Ta zare wani baƙin zanen saƙi mai kauri daga cikin shanyar, ta jefa mani. Ta leƙa ɗaki ta ce da ƙarfi, "Yaya, fito, mai hoto ya zo. Mutumin naki ya tafi ɗibar ruwa."

Na durƙusa a inda na auna tun tuni, taku huɗu daga katanga. Goggo ta rufe ni tun daga ka har baya, ta tattara zanen a gefen gilashin, hannuwana kaɗai ke waje, da agogona a ɗaure, suna riƙe da kyamarar. Ban taɓa shiga zafi irin na cikin zanen nan ba. Ƙamshin rinin baba da sabulu ya cika mani hanci, gumi ya shiga idona, harshena ya manne a ganɗa. Duniya duka ta koma 'yar tagar nan mai kusurwa huɗu. Na ga katanga. Na ga Inna ta shigo cikin tagar, ta zauna, ta gyara mayafi. Ta san ko wane ne a cikin zanen. Takalmana ma suna ajiye a ƙofar zaure inda za ta gani.

"To, Yaya," in ji Goggo, muryarta ba wasa wannan karon. "Isa ne ke kallonki. Ki dube shi."

Iska ta fara tasowa, tana kaɗa bakin mayafin. Na ji ƙofar langa-langa ta bugu a maƙwabta. Hasken ya ragu a idona, ina gani. Inna ba ta motsa ba. Na ƙirga numfashina har goma, kaina ya fara juyawa, na ji kamar zan kife. Na ce a raina in ta ƙara daɗewa zan danna haka nan, a aika da abin da aka samu.

Sai ta ɗago.

Idonta ba baƙi ba ne kamar yadda na zata duk rayuwata. Yana da haske-haske, kamar ruwan shayi, ga wani ɗan tabo a farin na hagu. Na danne gwiwar hannu a haƙarƙari yadda aka ce, na riƙe numfashi, na murza gilashin har gashin idonta ya fito ɗaya-ɗaya. Na ji tsoron kada madannin ya ƙi, a ce fim ya ƙare. Na danna. Ya yi ƙara.

Ban yaye zanen ba sai da na ji Goggo ta ce, "Fito, ta shige." Hadarin bai yi ruwa ba. Ɗan yayyafi ya yi, wanda ya tayar da ƙamshin ƙasa ya ƙara mana ƙishi, sannan iska ta kore shi yamma.

Na kai fim ɗin a ranar. Kwana biyar ina jira, kuma ban ji daɗin ko ɗaya ba. Na yi ta tunanin ko kyamarar ta motsa lokacin da na danna. Na tuna ban duba ko gefen zanen ya rufe gilashin ba. Sau uku ina zuwa shagon, Malam Iro yana cewa, "Malam Lawal, zuwanka ba ya busar da hoto."

Ranar jajiberin salla ya miƙo mani ambulan. Na farko ramuka biyu ne baƙi, kamar yadda na gani. Na biyu kunne. Na tsaya da na ukun a kife a hannuna har ya gaji ya karɓe ya juya.

Ya fito. Baƙin zanen ya ci kusurwa ɗaya ta ƙasa, amma fuskar tana nan tsaf, idon a buɗe.

"Ba laifi," in ji Malam Iro, yana nisanta shi da fuskarsa. "Ido ya fito. Sai dai ba tsakiyar gilashin ta kalla ba. Ka gani? Ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Amma wanda bai san aikin ba ba zai lura ba."

Na lura, kuma abin ya dame ni duk hanya. Ina ta tunanin ko Kawu zai ce ba shi take kallo ba. Na kai ma Alhaji Ɗanladi kafin magariba, ya sa cikin littafin addu'o'insa ya ɗaure. Daga baya, bayan damina, ya dawo ya ce hoton ya samu Kawu da rai, ya sa an jingine mashi shi a bango inda yake kwance. Bai ce komai a kan inda idon ke kallo ba.

Malam Iro ya wanke mani na ukun guda biyu, don haka na shigo gida da ɗayan. Na ba Goggo, na koma bakin zaure na zauna da kofin kununa, ana ta kiran salla. Ina jin su ta bayan labule.

"Yaya, ga ki nan. Wallahi kamar ki yi magana."



"Na tsufa," in ji Inna.

"Kin tsufa mana. Amma me kike kallo haka a ƙasa? An ce ki kalli gilashi."

Na ji ƙarar ludayi a cikin ƙwarya. Na ɗauka ba za ta amsa ba.

"Hajara, agogon mai hoton nan har gwiwar hannu yake zamewa. Ba haka yake ba da ƙaramar salla ta bara." Sannan ta rage murya. "Ki kwashe ƙosan nan nawa ki kai mashi. Ki ce kin ƙoshi ne."

Goggo ta fito da kwanon, ta dire a gabana, ta ce, "Na ƙoshi." Na ce to. Na cinye duka.